Yadda zaka haɗa gasasshen naman gari da ƙwallon 'yan sakandare a daren Juma'a a Amurka

Daga ƙarshen watan Agusta har zuwa Nuwamba, daren Juma'a a Amurka na 'yan sakandare ne, musamman a ƙananan garuruwan Texas da Oklahoma da Alabama da Georgia da Ohio, yamma na yi zaka ga shaguna na rufewa, motoci duk sun miƙe hanya ɗaya, fitilun filin makaranta kuma tun daga bayan gari kana hango su. Wasan dai shine zari-rugar nan tasu ta Amurka mai hular kwano da sulke a kafaɗa, ba ƙwallon ƙafa ba, kuma abin ya wuce wasan yara, har doka ce ta tsare masu wannan daren, dokar watsa wasanni ta 1961 wadda aka yi wa gyara a 1966 ita ce ta sa manyan ƙwararru na NFL basa sa wasanninsu a talabijin daren Juma'a daga mako na biyu na Satumba zuwa mako na biyu na Disamba, in dai akwai wasan makaranta a tsakanin mil 75. A garin Allen kusa da Dallas filin makarantarsu da aka buɗe a 2012 yana cin mutum 18,000 kuma ya lashe kusan dala miliyan 60, kaga kuwa ba ƙaramin abu suka ɗauke shi ba.

To waɗannan garuruwan dai su ne kuma gidan babikyu, naman da ake gasawa da hayaƙin itace a hankali. Ba irin gashin tsire bane da wuta ke lasar nama cikin 'yan mintuna, wannan wutar tana gefe guda naman yana gefe guda, zafi da hayaƙi ne kawai ke ratsa shi awa 10, 12, wani lokacin har 16. Haɗa su biyun a rana ɗaya, ka ci naman garin sannan ka je ka kalli yaran garin, yana daga cikin abubuwa mafi daɗi da mutum zai yi da iyalinsa a ƙasar nan ba tare da ya kashe kuɗi mai yawa ba, kuma ina matuƙar so mutanenmu su daina zama a gida a wannan daren alhali maƙwabtansu duk suna can. Sai dai akwai matsala ɗaya wadda in baka gane ta ba ranar zata lalace maka, naman na rana ne, wasan kuma na dare. Gidajen babikyu na kirki suna buɗewa wajen ƙarfe 11 na safe, suna sayar da abin da aka kwana ana gasawa, in ya ƙare ya ƙare, babu wani a ɗora sabo, da yawa kafin ƙarfe 2 ko 3 sun rataye allo sun tafi gida. Wasan kuwa sai 7 ko 7:30 ake take shi. Duk dabarar tana cikin yadda zaka cike waɗannan awannin na tsakiya naman bai bushe ba, bai lalace ba, kai ma baka rasa sallah ko kujera ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun Litinin ko Talata ka fara da jadawali. Ka duba shafin makarantar ko na hukumar makarantun yankin ko MaxPreps, wato shafin intanet na wasannin sakandare, ka tabbatar da abu uku, a gida za a buga ko a waje, ƙarfe nawa, kuma wace rana, domin a manyan birane irin su Houston da Dallas makarantu da yawa ke raba fili ɗaya, sai ka ga wasan babbar tawaga ya faɗo Alhamis ko Asabar. Ƙananan tawagogi na 'yan aji ɗaya da biyu su ma yawanci Alhamis suke bugawa, kar ka rikita su. Tikiti yanzu makarantu da dama sun koma sayar da shi ta waya, a manhajar GoFan ko HomeTown, wasu ƙofofin ma basa karɓar tsabar kuɗi sam, kuɗin dai yawanci bai cika wuce dala 10 da 'yan kai ba a wasannin da ba na ƙarshe ba. In wasan hamayya ne tsakanin garuruwa biyu maƙwabta ko makon dawowar tsofaffin ɗalibai, ka saya da wuri don wurin cika yake maƙil ba masaka tsinke.

Da ka san garin da za a buga, sai ka nemi naman garin. Nan nake da ra'ayi mai ƙarfi, ka bar manyan kamfanonin da ke da reshe a kowane titi, ka nemi wurin da mutanen garin suke ci, mai tarin itace a bayansa da bango da hayaƙi ya baƙanta, sau da yawa ma zaka ga hoton tawagar makarantar da jadawalin wasanninsu manne a jikin taga don shi mai gidan yana cikin masu tallafa masu. A tsakiyar Texas abin a saukake yake. Lockhart, wajen mil 30 kudu da Austin, majalisar jihar ce da kanta ta naɗa shi babban birnin babikyu na Texas, akwai Kreuz Market tun 1900, akwai Black's tun 1932, akwai Smitty's, tawagar makarantar garin kuma Lions ake ce masu. A Taylor akwai Louie Mueller tun 1949 wanda ya yi suna da haƙarƙarin shanu, yaran garin kuma Ducks. Salon wannan yankin naman sa ne, gishiri da masoro kawai, itacen oak, a auna maka a sikeli a zube maka a takarda, da farin burodi da ɗanyar albasa da kokwamba mai tsami a gefe. Sarkin naman shine biriskit, wato naman ƙirjin sa, wanda in an gasa shi da gaggawa tauri ne dashi kamar me, in an bashi lokacinsa kuma sai ya yi tuɓus.

Amma fa ba duk Amurka ce Texas ba, kuma ga Musulmi wannan magana ce babba. A North Carolina da South Carolina da Memphis in aka ce babikyu to alade ake nufi kai tsaye, ba sai an faɗa ba. A Kansas City haɗe yake, sa da alade da kaza, da sos mai zaƙi na tumatir, nan ne gidan su Arthur Bryant's da Gates da ƙonannun gefen biriskit ɗin nan da ake yankawa ƙanana. A Owensboro ta jihar Kentucky naman tunkiya suke gasawa da itacen hikori, abin da ba kasafai zaka samu a wani wuri a ƙasar ba. A arewacin Alabama, garin Decatur, gidan Big Bob Gibson tun 1925 suke tsoma gasasshiyar kaza cikin farin sos na mayonis da binega da masoro. A Santa Maria ta California yankin naman sa ne mai kusurwa uku ake gasawa kan jan oak, shi baya cin lokaci kamar biriskit. Kudancin Texas kuwa wajen iyaka da Mexico akwai naman kan sa da ake turarawa da kuma ɗan akuya.

Ko a inda naman sa ne a gaba, ka yi tambaya, kar kunya ta hana ka. Sosej da yawa ko da cikinsa naman sa ne zalla, fatar da aka ɗura shi a ciki hanjin alade ce, wasu kuma a haɗe naman yake. Wake sau da yawa da kitsen alade ko bekon ake dafa shi, ganyen da suke dafawa ma haka. A yawancin gidajen murhu ɗaya ne, katako ɗaya, wuƙa ɗaya, haƙarƙarin alade yana iya kasancewa a sama yana ɗiga kan naman sa. Ka tambayi mai yankan cikin ladabi, mutanen nan suna alfahari da sana'arsu kuma galibi zasu faɗa maka gaskiya, wasu har wuƙa da safar hannu zasu canja maka. Maganar yanka kuma, ko naman kasuwar Amurka ya halatta ko bai halatta ba, malamai sun yi saɓani, kowa ya bi abin da ya gamsu dashi daga malaminsa, ba hurumina bane. In zuciyarka bata kwanta ba akwai mafita biyu, gidajen babikyu na halal da suka fara yawa a yankunan Houston da Dallas da Dearborn, ko ka sayi nama wurin mahaucin halal ka gasa da kanka, wanda zan zo kansa. Dearborn ɗin ma da na ambata, makarantar Fordson da ke can yawancin 'yan wasanta Musulmi ne, a 2010 da azumi ya faɗo cikin zafin Agusta sai suka mayar da atisaye tsakar dare daga 11 zuwa 4 na asuba don yaran su iya ci su sha, kaga ba baƙon abu bane Musulmi a wannan fagen.

Yanzu ga ainihin lissafin ranar. Ranar Juma'a ce, masallatai da yawa suna tayar da sallah tsakanin 1 da 2:30, daidai lokacin da naman ke ƙarewa kenan. Saboda haka kar ka ce sai an sauko daga masallaci zaka je ka bi layi, wuraren da suka yi suna irin Franklin a Austin mutane tun da sassafe suke kafa kujeru suna jira. Ka yi oda tun tsakiyar mako, yawancinsu suna karɓa ta waya ko intanet, wasu suna da mafi ƙarancin nauyin da zasu karɓa, ka ce zaka ɗauka da 11 ko 11:30 kafin ka wuce masallaci, ko su ajiye maka zuwa 3 in suna kaiwa lokacin. Awo da laba suke yi, laba ɗaya kusan rabin kilo ce ta gaza kaɗan, ka lissafa rabin laba ga kowane babba, yara biyu su raba rabin, in akwai samari masu tasowa ka ƙara don su ba a lissafa masu da hankali. Biriskit a sanannun wurare yana kaiwa dala 30 ko fiye duk laba, don haka in aljihu bai kai ba ka haɗa da kaza ko talotalo, sun fi araha kuma talotalon da aka yi wa hayaƙi da kyau abu ne mai daɗi sosai da mutane ke rainawa.

Abu mafi muhimmanci da zan faɗa maka a duk bayanin nan, ka ce kar su yanka. Biriskit da zarar an yayyanka shi ya fara bushewa, cikin minti 20 zuwa 30 gefen ya yi ƙamas kalar ta dushe, to balle wanda zai jira awa biyar. Ka ce su baka dunƙule guda, su naɗe shi a takardarsu, in zaka zaɓa ka zaɓi ɓangaren mai kauri mai kitse don ya fi jure jira akan ɓangaren mai faɗi maras kitse. Da ka karɓa sai ka ƙara naɗe shi da foyil, ka lulluɓe da tsohon tawul mai tsabta, ka saka a kula wadda ka riga ka ɗumama, wato ka zuba mata ruwan zafi ka rufe minti 15 ka zubar ka goge, sannan ka cike sauran wurin da tawul don kar iska ta zauna. A haka dunƙulen nama mai girma yana riƙe zafinsa awa uku zuwa huɗu, in baka yi ta buɗewa kana leƙe ba. In gida zaka koma dashi ya ma fi sauƙi, ka sa oben a mafi ƙarancin zafinsa, wajen digiri 150 zuwa 170 a ma'aunin Farenhait, ka bar shi a naɗe har yamma.

Ka sayi ɗan ma'aunin zafi na nama mai tsinke, ba shi da tsada kuma shine zai raba gardama. Ƙa'idar ma'aikatar noma ta Amurka a fili take, dafaffen nama ya zauna sama da digiri 140 a Farenhait, wato 60 a Selsiyos, ko ƙasa da digiri 40 a Farenhait, tsakanin nan ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, kuma kar abinci ya wuce awa 2 a wannan tsakanin, in zafin gari ya haura digiri 90 a Farenhait kuma awa 1 kacal. A Texas ko Alabama a watan Satumba zafin yamma yana haura 90 ɗin nan cikin sauƙi, cikin but ɗin mota kuwa ya fi haka nesa. Salak ɗin dankali da kwaɗon kabeji da duk wani mai mayonis su samu tasu kular daban da ƙanƙara, kar ka haɗa mai zafi da mai sanyi wuri ɗaya, kowanne zai ɓata ɗan uwansa.

In kai zaka gasa da kanka, lissafin daga baya zaka faro shi. Kana so a ci da 5 na yamma ranar Juma'a, to cikakken biriskit mai laba 12 a zafin digiri 250 na Farenhait zai ci kamar awa 12 zuwa 14, ga hutun da yake buƙata aƙalla awa 2, kenan daren Alhamis wajen 10 ko 11 zaka ɗora shi. Ka rage kitsen sama ya saura kaurin da bai kai yatsa ba, gishiri da masoro mai gari-gari rabi da rabi, shikenan, ba sai ka tara kayan ƙamshi goma ba. Hayaƙin ya zama siriri mai ɗan shuɗi, in ya yi fari tuƙuƙu naman zai yi ɗaci, alamar itacen ɗanye ne ko wutar bata samun iska. Wajen asuba zaka ga zafin cikin naman ya tsaya cak a tsakanin 150 da 170 ya ƙi motsi awa da awanni, kar hankalinka ya tashi ka ƙara wuta, ruwan jikinsa ne ke fita yana sanyaya shi, a nan ne zaka naɗe shi da takardar mahauta ko foyil ka mayar. Idan ya kai wajen 200 zuwa 203 kuma tsinken yana shiga babu wata turjiya, ya yi. Sai kula da tawul, ka yi wanka ka tafi masallaci hankali kwance, ka dawo ka tarar ya ma fi daɗi don hutun ya sa romon ya koma cikin tsoka. Ka sani kuma kusan rabin nauyin zai tafi tsakanin gyara da gashi, laba 12 ɗanye zata baka wajen 6 ko 7.

Wanda ke aiki ranar Juma'a kuma bazai iya kwana gaban wuta ba, kar ya takura kansa. Cinyoyin kaza awa ɗaya da rabi zuwa biyu sun isa a zafin 275 zuwa 300, sai dai ka tabbatar cikinsu ya kai 165, ni nafi so ma su kai 175 don cinya ta fi laushi a nan. Ka haɗa farin sos irin na Alabama, mayonis da binegar tuffa da masoro da ɗan lemun tsami da gishiri, ka tsoma kazar tana sauka daga wuta. Naman nan mai kusurwa uku na Santa Maria shi ma cikin awa ɗaya ya gama. Haƙarƙarin sa yana tsakiya, awa 6 zuwa 8, in ka ɗora bayan asuba kafin azahar ya sauka.

Sai inda za a ci. Mutane da yawa suna zaton zasu shiga fili da ledar namansu su zauna suna ci suna kallo, to galibin makarantu basa barin abincin waje, da yawa ma jaka sai mai garai-garai da ake ganin cikinta suke bari, za a mayar da kai mota daga bakin ƙofa. Kuma ko da babu mai dubawa ni bana goyon bayan a ɓoye a shiga dashi, saboda rumfar abincin da ke cikin filin iyayen yara ne ke tsayawa a ciki kyauta, ribar kuma ita ke sayen kayan 'yan badujala da kuɗin motar tafiye-tafiye da kayan wasa. Ka ci namanka kafin wasa, a ciki kuma ka sayi gugguru da ruwa da lemo, ko koko mai zafi in sanyi ya shigo, 'yan dalolin nan suna da amfani a wurinsu. Hot dog da miyar naman da ake zubawa kan Fritos, wato soyayyen garin masara na leda, dai ka tambaya me ke ciki kafin ka saya wa yara.

Wurin ci kafin wasa uku ne. Ko a gida da 4:30 zuwa 5 in wasan gida ne, ko a wani lambun shaƙatawa na garin mai tebura, wanda kusan kowane ƙaramin gari yana dashi, ko a wurin fakin na filin a buɗe bayan mota. Na ukun nan ya fi armashi don nan zaka haɗu da mutane, amma ka karanta dokar makarantar tukuna, wasu sun yarda, wasu sun hana kunna wuta ko gawayi sam, wasu sun ware wani sashe. Giya da taba haramun ne a harabar makarantun gwamnati, wannan ma yana cikin abin da ya sa wurin ya dace da iyali fiye da filayen manya. Ka zo da katako da doguwar wuƙa mai kaifi, amma wuƙar ta tsaya a gida ko a lambun gari, kar ka kai ta harabar makaranta don dokokinsu kan makami basu da wasa, in a fakin za a ci ka yanka kafin ka taso ka mayar cikin foyil da romonsa, rabin awa bazai yi masa illa sosai ba. Yankan kuma a gicciye da zaren naman, kaurin fensir, in ka bi tsawon zaren ko naman ya fi kowanne laushi sai an yi ta ja da haƙori. Ɓangarorin biyu na biriskit zarensu ba hanya ɗaya ya bi ba, in ka kai tsakiya ka juya shi. Hanya mafi sauƙi ga yara ita ce sanwic, yanki ɗaya a ninke cikin farin burodi da albasa da kokwamba. Ka tanadi tishu mai yawa da ledar shara, ka bar wurin yadda ka same shi. Abin sha a Texas shayi mai sanyi mai zaƙi ne ko Big Red ko Dr Pepper, su biyun nan asalinsu garin Waco ne, kuma zaƙin Big Red da gishirin naman suna tafiya tare sosai.

In ka yanka da yawa ka miƙa wa na motar kusa da kai. A ƙananan garuruwan nan kowa ya san kowa, baƙo ana ganinsa, kuma faranti ɗaya na nama yana buɗe hirar da shekara guda ta gaisuwa daga nesa bata buɗe ba, kafin ka ankara sun faɗa maka wane yaro ne ɗan wa, wane koci ne ya daɗe, da kuma inda ake samun nama mafi kyau a garin da za a je mako mai zuwa, wanda shine bayanin da bazaka samu a waya ba.

In ɗanka ko 'yarka na cikin masu fita fili, lissafinsu daban. Ɗan wasa baya cin biriskit kafin wasa, kitsen yana daɗewa a ciki kuma zai yi gudu cikin zafi da sulke, tawagar ma yawanci tana da nata abincin mai sauƙi awa uku ko huɗu kafin a fara. 'Yan badujala da masu rawa su ma tun la'asar suke tafiya kuma su ne na ƙarshen dawowa. Ka ware masu rabonsu tun kafin kowa ya sa hannu, ka sa a firij ko cikin ƙanƙara, zasu shigo wajen 10:30 ko 11 da yunwa ta gaske.

Ka shiga fili aƙalla minti 30 zuwa 40 kafin a fara, ka lura akwai ɓangaren 'yan gida da na baƙi, kowanne da ƙofarsa a wasu filayen, ka zauna inda ya dace da kalar rigarka. Wasan kashi huɗu ne, kowanne minti 12, amma da tsaye-tsayen agogo sai ya ci awa biyu da rabi zuwa uku. Maganar magariba kuma tana canjawa da kaka, a farkon Satumba a tsakiyar Texas rana na faɗuwa wajen 7:45, kenan cikin kashin farko zata same ka, a ƙarshen Oktoba wajen 6:45 kafin a take wasa, bayan an mayar da agogo baya a Lahadin farko na Nuwamba kuma tun wajen 5:30, sai ka yi sallarka kafin ma ka bar wurin cin nama. Ka zo da alwalarka da 'yar darduma, ka nemi gefe mai natsuwa bayan bencina, kar ka dogara da fita mota don filaye da yawa in ka fita baka dawowa sai da sabon tikiti. Hutun rabin lokaci kuma kar ka ɓata shi duka a layin rumfa, a Texas yana kai kusan rabin awa don badujalar makarantun biyu kowacce sai ta yi nata wasan, yaran nan tun Agusta suke atisaye cikin rana kuma sun cancanci a zauna a kalle su, ka je rumfa ana saura minti uku ko huɗu a tafi hutun lokacin layin bai taru ba.

Bencinan na alminiyam ne, a Satumba suna ƙuna, a Nuwamba sanyinsu har ƙashi, ka zo da abin shimfiɗa ko bargo. In aka ga walƙiya a kusa za a dakatar da wasa aƙalla minti 30 kuma duk wata sabuwar walƙiya tana sake lissafin, a irin wannan daren ne zaka gode da ka bar ragowar nama cikin ƙanƙara a mota.

Wasannin waje su ne suka fi ba da damar ɗanɗana sabon wuri, musamman daga tsakiyar Nuwamba da aka shiga sili-ɗaya-ƙwale ana bugawa a filayen garuruwan da ba na kowa ba, har a kai wasannin ƙarshe na Texas a filin AT&T da ke Arlington cikin Disamba. Ka duba garuruwan da ke kan hanyarka, ka kira su da safe ka ji ko suna buɗe, don ƙananan wurare da yawa kwana uku ko huɗu kawai suke aiki a mako. Wani lokacin ma naman da ya fi kowanne ba a shago yake ba, ƙungiyar iyaye ko 'yan kwana-kwana na sa-kai ne suka kafa murhu a bakin titi suna sayar da faranti don tara kuɗi, rabin kaza da wake da burodi, in ka gani ka tsaya. In wasan ya kai ka yankin Giddings ko Lexington ta Texas, ka kwana a kusa, don gidan babikyu na Snow's da ke Lexington ranar Asabar kawai suke buɗewa da 8 na safe, mujallar Texas Monthly ta zaɓe su na ɗaya a jihar a 2008 da 2017, kuma mai gashin nasu, dattijuwa Tootsie Tomanetz, ta yi shekaru tana aiki a makarantun Giddings sauran ranakun mako. Layin can tun kafin asuba yake farawa.

Ragowar nama kuwa, duk abin da ya wuce awa biyu a waje ba zafi ba sanyi ka haƙura dashi, kar ka yi rowar dala 20 ka kwantar da gida. Wanda ya shiga ƙanƙara ko firij a kan lokaci yana kai kwana uku zuwa huɗu. Wurin ɗumamawa ka guji maikrowef in zaka iya, yana mayar da shi roba, ka sa shi cikin foyil da cokali biyu na romo ko ruwa, oben a digiri 300, har cikinsa ya kai 165. Gefen da ya bushe kuma ka daddatsa ƙanana ka soya da albasa da ƙwai da safe, ko ka zuba cikin wake yana kan wuta.